Tsakar Gida a Filin Utaibiyya

Tun kafin azumi ma'aikata suka zo da jan fenti suka rubuta "izala" a bangon gidan wakafi na unguwar Hindawiyya a Makka. Kowa a unguwar ya san ma'anar kalmar: ginin da za a rushe. Sabuwar hanya ce za ta ratsa ta wurin, kuma zuwa bayan aikin hajji gidajen gabas duk sun koma tarin duwatsu da karyayyun ƙarafa. Katafila na cin unguwar layi bayan layi. Maƙwabta sun kwashe kayansu, mai burodin bakin lungu ya rufe, har masallacin layin an cire masa ƙofofi. Matan gidan wakafi ne kaɗai suka ce ba inda za su.

Kakan mahaifin Manal ne ya gina gidan. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya bi ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana noma yana fatauci kafin ya ƙetare teku. Da Allah ya buɗa masa a Makka sai ya gina gidan, ya bar shi wakafi don matan da mazansu suka rasu suka bar su ba kowa. Yanzu kula da wakafin na hannun Baffa Yusha'u, ƙanen mahaifinta. Da diyyar da hukuma ta bayar ya sayi wani matsattsen fili a unguwar Utaibiyya, inda a da ake gyaran motoci, ya kuma ba Manal aikin zana sabon gidan. Ta karanta zanen gine-gine a Jidda, shi ya sa matan ke kiranta muhandisa, wato injiniya; 'yar gida ce, kuma mace ce, tana iya shiga inda shi ba ya shiga.

Sai dai ba ta shiga ɗin sosai ba. A Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa ta gaisuwa ce da ta madafa. Tana jin nauyin tsofaffin, don sukan yi dariya in ta mayar da namiji mace a cikin magana. Saboda haka a ofis ta zauna ta zana abin da Baffa ya faɗa mata: shaguna a ƙasa, don hayarsu ta riƙe gidan, mata a sama, kowacce da ɗakinta da bayinta da 'yar madafarta, ga mukayyif mai sanyaya ɗaki, ga lif mai hawa da sauka. Baladiyya, wato hukumar gari, ta duba zanen ta ba da izinin gini. Ranar da Manal ta kai musu a kwamfuta, matan suka kewaye ta suna kallo. Hajiya Ɗaso, wadda ta fi kowa shekaru kuma ta fi kowa daɗewa a gidan, ta tambaya ina za a ɗora babbar tukunya, ina za a yi shanya. Manal ta ce a saman rufi. Tsohuwar ta dubi gwiwoyinta. Washegari ta aika wa Baffa cewa su suna nan.

Wata safiya Baffa ya kira Manal a waya. An yanke wa layin wuta da ruwa. Shugaban masu rusau ya ce in ba a fita ba zuwa ƙarshen mako, 'yan sanda ne za su zo su fitar da su. Ya kama musu gidajen haya a wani bene a unguwar Kudai inda za su zauna kafin a gama gini, amma sun ƙi ko zuwa gani.

"Kin san shekarar da muke ciki, ya binti, 'yata," in ji shi. "In 'yan sanda suka shiga gidan nan, iƙama, takardar izinin zama, za su fara tambaya. Zinariya fa ba ta da ko takarda ɗaya."

Manal ta sani. A shekarar ana ta kamen waɗanda ba su da izinin zama. Zinariya tsohuwa ce a gidan, wadda aka kawo Makka tana goye, iyayenta suka rasu ba su yi mata takarda ba. In aka kama ta, ƙasar da za a mayar da ita ba ta taɓa ganinta ba.

Taksi ya sauke Manal a inda kwalta ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa, tana tattare abayarta daga ƙusoshi da fasassun kwalabe. A zauren gidan ta tarar da farantan waina a kife, ba mai saye, don babu sauran kowa a layin. Ta ratsa ta shiga tsakar gida. Wannan karon ta tsaya ta duba. Fili ne ba babba ba, an ja rumfar buhu a rabinsa. Ga turmi, ga tukwanen gas manya guda biyu, ga igiyoyin shanya, ga kuka da kuɓewa a tire suna bushewa. Duk ƙofofin ɗakunan nan suke kallo. Matan suna zaune a inuwa suna fifita, ruwan jarkokinsu ya yi zafi kamar an dafa.

Ta durƙusa ta gaida Hajiya Ɗaso, ta shiga roƙonta da Hausarta mai tuntuɓe, tana cike giɓi da Larabci. Ta ce zafin nan zai iya kashe mutum, ta ce katafila ba ta san wakafi ba, ta ambaci Zinariya a hankali. Tsohuwar ta saurara har ta gama. Sannan ta ce ai saboda Zinariyar ne ma. A nan in Zinariya ta yi tari kowa ya ji. A can za a sa ta a akwati, a rufe ƙofa, sai wari ya sanar da mutane. Ta ce abincin da suke sayarwa a zaure shi ne sabulunsu da maganinsu, wa zai hau bene neman waina? Ta ce ta taɓa shiga irin wannan lif ɗin, ta auna shi da ido.

"Makara ba ta shiga cikinsa, jikata. In na mutu a sama, a tsaye za ku sauko da ni?"

Manal ta ce za ta sake zanen. Hajiya Ɗaso ta ce ta sake ɗin, amma kada ta kawo mata shi a gilashi, don ita ba ta iya ganin gida a gilashi. Sai ta taka shi da ƙafarta za ta san ko gida ne.

Manal ba ta faɗa wa Baffa abin da take shirin yi ba. Ce masa kawai ta yi ya samo bas ya kai matan filin Utaibiyya ranar Laraba da safe, tana ganin za su yarda su tashi. Ta koma ofis ta share shagunan gaba ɗaya. Ta buɗe tsakar gida mai faɗi a tsakiyar filin, ta jera ɗakuna a kewaye, hawa biyu, duk suna kallon ciki, ta sa zaure a bakin titi da madafa ɗaya babba ta kowa da kowa. Ranar Talata bayan la'asar ta je filin da magina biyu, suka ja igiya, suka bi ta da farar ƙasa, har gidan ya fito a ƙasa da girmansa na gaskiya: bango, ƙofa, bayi, komai.

Da hantsin Laraba bas ta tsaya a ƙarshen kwalta, matan suka fito ɗaya bayan ɗaya da lulluɓinsu. Zinariya ce kaɗai ta ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, kuma tana tsoron shingen bincike a hanya. Suka bar mata ruwa da dabino, ta ja ƙofarta.

A filin, Baffa ne ya fara gane abin da ke ƙasa. Ya bi layin bakin titi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, ya tsaya kusa da Manal. Da Larabci ya yi maganar, ƙasa-ƙasa, don kada tsofaffin su ji. Ya tambaye ta ina shagunan. Ta ce babu. Ya ce to da me za a biya wuta da ruwa, da me za a gyara famfo in ya lalace, ko tana tsammanin wakafi da addu'a kaɗai yake tsayawa? Ya ce izinin da ke hannunsa na wancan zanen ne, sabo kuwa sai an koma baya an bi layi, kuma duk watan da aka ƙara a gidan haya daga kuɗin ginin ake cire shi. Ya ce ta yi masa wannan a gaban mutane, ba ta ko shawarce shi ba.

Hajiya Ɗaso kuwa ta riga ta shiga ta ƙofar zauren da aka zana, ba ta tsallaka layi ba, kamar akwai bango. Ta dogara sandarta ta zagaya tsakar gidan. Ta tsaya a inda madafa take ta juya ta ga inda rana ke fitowa. Ta shiga wani ɗaki ta buɗe hannuwa, ta ce nan gado, nan akwati, nan sallaya. Fuskarta ta saki. Wasu tsofaffi biyu suka bi ta suna zaɓen ɗakuna, har an fara dariya. Hankalin Manal ya kwanta, ko da Baffa na huci a gefenta.

Sai Ramlatu ta yi magana. Ita ce mafi ƙuruciya a gidan, mijinta ya faɗo daga saman gini ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu da ke makaranta, ita kuma tana bin gidajen biki tana yi wa amare lalle. Tana tsaye a wajen layin, ba ta shiga ba.

"Muhandisa, ina ƙofata?"

Manal ta nuna mata wani ɗaki a kusurwa, ta ce akwai irinsa a sama in ta fi so. Ramlatu ta ce ba ɗaki ta tambaya ba. Ƙofar da za ta fita ta dawo ba tare da ta ratsa ta gaban kowa ba, ita take nufi. Ta ce tun da ta shigo gidan ba ta taɓa dawowa daga biki ba sai an tambaye ta gidan wa, me ya sa ta daɗe, wa ya sauke ta. 'Ya'yanta ba sa iya karatu sai an aike su, ba sa iya sa sabuwar riga sai an yi sharhi. In ta dafa nama kowa ya sani, in ba ta ɗora tukunya ba ma kowa ya sani. Ta ce ranar da ta ga zanen farko a kwamfuta, da ta koma ɗaki sai da ta yi sujada. Ta yi shiru ne kawai don babba ta yi magana. Ta zauna cikin zafi ba wuta don kada a ce ta raba kan gida, amma ba za ta yarda a sake gina mata wannan zaman da siminti ba.

Hajiya Ɗaso ta juyo a hankali.

"Ni na zauna da ke kika yi takaba, Ramlatu. A cinyata kika yi kuka."

"Haka ne, Inna. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Amma ina son ƙofa."

Daga nan magana ta watse. Wata mai matsakaicin shekaru, wadda ke aikin shara a wani otal, ta koma bayan Ramlatu ta ce ita ma ta gaji da layin bayi. Wata tsohuwa ta ce 'yan zamani so suke su zama Larabawa. Aka ce wa za a kira Balarabiya, aka tono tsohuwar rigimar firij da ta wankin da aka ɗauke daga igiya. Ƙafafu suka bi ta kan farar ƙasar, bangon madafa ya goge. Manal na tsaye a tsakiya da takardar zanen a naɗe a hannunta, rana na dukan kanta. Ta ɗauka matan gidan abu ɗaya suke so, kuma ta ɗauka ta gano shi. Baffa ya matso ya ce mata yanzu ga shi ta rasa na farko, ta rasa na biyu, kuma Alhamis, ranar da wa'adin masu rusau zai cika, gobe ce.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya saurara, sai Manal ta ga hannunsa ya kama gefen bas. Shugaban masu rusau ne. Ma'aikatansa sun ga an kwashe mata a bas da safe, suka ɗauka gidan ya zama kango, suka sa katafila a ginin da ke manne da shi. Bangon da gidajen biyu suka haɗa ya tsage, wani sashe ya rufta. Da ƙura ta lafa wani lebura ya ce ya ji kamar tari a ciki.

Ba wanda ya sake maganar ƙofa. Suka kutsa cikin bas, direba ya fizge ta. Hanyar ta cika da motoci kamar kullum, kowace danja sai ta kama su. Hajiya Ɗaso na jan carbi, leɓunanta na motsi ba sauti. Ramlatu ta dafe kujerar gabanta da hannu biyu. Baffa na ta kiran mutumin yana cewa kada a taɓa komai, kada a tayar da inji, sannan a karo na ƙarshe ya sauke wayar ya dubi Manal ya ce an riga an kira ma'aikatan ceto, kuma tare da 'yan sanda suke zuwa.

Sun tarar da katafilar a kashe, leburori sun yi cirko-cirko a bakin zaure. Motar ceto ta riga su isowa, da ƙaramar motar 'yan sanda a bayanta. A tsakar gida rumfar buhun ta faɗi, turmi ya mirgina, ƙura ta rufe komai fari fat. Ɗakin Zinariya ne na ƙarshe, a jikin bangon da ya tsage. Ƙofarsa a rufe, ta ɗan lanƙwashe a tsakiya. Ma'aikatan ceto sun yi ta kira da Larabci, ba amsa. Ɗaya ya kawo ƙarfen ɓalle ƙofa.

Manal ta dubi saman ƙofar ta ga katakon da ke riƙe da bango ya karye, duwatsun sun sauko sun zauna a kan ƙyauren. Ta gaya wa shugabansu cewa ita muhandisa ce, ƙyauren nan shi kaɗai ke riƙe da abin da ke sama. Ya ɗaga fitila ya duba, ya ce shi ma abin da yake tsoro ke nan, ya sa a mayar da ƙarfen. Sai an kawo turaku an tokare, kuma hakan zai ɗauki lokaci. Yana cikin faɗa wani dutse ya gangaro daga tsagin ya faɗi a cikin ɗakin, suka ji ƙararsa.

Hajiya Ɗaso ta matsa ta kira sunan Zinariya da Hausa, ta ce su ne, sun dawo. Shiru. Ta sake kira. Can sai wata siririyar murya ta fito ta ƙasan ƙofa.

"Yaya Ɗaso, askar ne a waje?"

Tana da rai, tsoron askar, wato 'yan sanda, da jiniyar motoci ne suka sa ta yi shiru. Kafin kowa ya amsa, Ramlatu ta ja hannun Manal zuwa ɗakinta da ke jikin na Zinariya. Ta janye wata katifa da aka jingine, ta yaye wani zane da ke rataye a bango. A bayansa akwai 'yar taga, faɗinta bai fi na tire ba. Ta ce ita ta sa aka huda ta shekarun baya, lokacin da Zinariya ta yi wata doguwar jinya, don ta riƙa miƙa mata kunu, ta kuma ji motsinta. Manal ba ta taɓa shiga ɗakunan ba, ba ta san da ita ba. Ta shafa bangon, ta ƙwanƙwasa. Na bulo ne siriri da aka ƙara daga baya, ba ya ɗauke da rufi. Ta kira shugaban ceto ya gani, suka yarda a faɗaɗa tagar ta ƙasa, da hannu, ba da guduma ba.

Bulo ɗaya-ɗaya aka riƙa zarewa. Duk wanda aka cire sai kowa ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ƙura na zubowa siririya daga tsakanin katakai. Da ramin ya isa mutum, wani ma'aikaci ya sunkuya zai shiga, Zinariya ta hango kakinsa ta ja baya zuwa ƙuryar da ke ƙarƙashin tsagin, ta ƙi motsi. Ramlatu ba ta tambayi kowa ba. Ta tuɓe abayarta ta miƙa wa Manal, ta kwanta rub da ciki ta shige. Suka ji tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro, tana cewa ba wanda zai taɓa ta, ita ce, ta kama wuyanta kawai. Manal na durƙushe a bakin ramin. Sai ga kan Zinariya ya ɓullo, fari da ƙura, sannan kafaɗunta. Ma'aikata suka karɓe ta. Ramlatu ta biyo baya, gwiwar hannunta na jini.

An zaunar da Zinariya a zaure, aka duba ta. Ba karaya, sai ƙujewa a goshi da numfashi sama-sama. Ma'aikacin lafiya ya ce a kai ta asibiti, ta ƙanƙame hannun Hajiya Ɗaso ta ce ba ta zuwa. Ɗan sandan da ke tsaye a bakin ƙofa ya matso, ya tambaya wa ke da alhakin gidan. Baffa ya fito ya ce shi ne, ya yi bayanin wakafin, ya ce tsohuwar tun yana yaro take nan, zai kai ta wurin likita da kansa. Ɗan sandan ya dubi Zinariya, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ga Baffa ya ce ginin nan ba ya kwanuwa, kafin magariba yana son ya ga ba kowa a ciki. Ya koma motarsa.

Haka aka tashi a ranar, ba a daidaita kan kowane zane ba. Leburorin rusau ne ma suka taya su fitar da akwatuna da tukwane. Hajiya Ɗaso ta fita ƙarshe, ba ta waiwaya ba, ba ta kuma yi wa Ramlatu magana ba, ko da yake ita ta ɗaure mata gwiwar hannu da gefen mayafinta.

Zaman Kudai ya yi tsawo fiye da yadda kowa ya so. Manal ta riƙa zuwa bayan aiki, amma ta daina tara su wuri ɗaya. Ɗaki-ɗaki take bi, ta zauna a ƙasa, ta sha shayi, ta tambayi kowacce yadda take wuni, wa take so ta ji motsinsa, wa ba ta so ya ji nata. Abin da ake faɗa mata a ɗaki ya sha bamban da abin da ake faɗa a taro. Wata tsohuwa da ta fi kowa zafi a filin ta ce mata a asirce tana son bayinta ita kaɗai. Ramlatu kuma ta ce ba ta son a kai ta inda ba za ta ji Zinariya ba. Hausar Manal ta ɗan miƙe a watannin, ko da yake ba a daina yi mata dariya ba.

Zane na uku bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba. Ta mayar da shaguna biyu ƙanana a bakin titi, ta sa zaure a tsakaninsu, da dakalin ajiye farantan waina. Daga zauren hanya ta rabu: ɗaya ta lanƙwasa zuwa tsakar gida, ɗaya ta hau matakala mai faɗin da mutum huɗu za su sauko da makara. Tsofaffi a ƙasa, ɗakunansu na kallon tsakar gida, kowane da bayinsa, da 'yar taga mai murfi tsakanin maƙwabta ga wadda ta so. Masu 'ya'ya a sama, kowacce da ƙofarta da madafarta, da taga mai leƙa tsakar gidan. Hawa na ƙarshe na alhazai ne, a ba da haya lokacin aikin hajji, da mashigarsa daban ta bayan gida. Tsakar gidan ta ragu sosai. Hajiya Ɗaso ta taka ta a filin ta ce wannan ai faranti ne, amma ba ta ce ba za ta shiga ba.

Baffa ya yi makonni ba ya amsa gaisuwar Manal sai da ka. Daga baya ya sa hannu, ya ce in hayar ta kasa riƙe gidan, ita za ta je ta gaya wa tsofaffin da bakinta. Sabon izini ya ɗauki watanni, kuɗin ya ja baya, aka fasa sa dutsen ado a fuskar ginin, aka bar shi da fenti. Maganar takardar Zinariya kuwa Baffa ya sa ta a gaba, ya nemo dattawan da suka san iyayenta su yi shaida, amma har aka tare ba a gama ba. An ba ta ɗakin da ke daidai ƙarƙashin na Ramlatu.

Da sanyi suka tare a sabon gidan. Ba a yi wata guda ba hadari ya haɗu a kan duwatsun Makka, aka yi ruwa irin wanda ake shekara ba a gani ba. Manal na ofis wayarta ta yi ƙara, lambar Ramlatu ce, amma muryar Hajiya Ɗaso ta ji. Ta ce magudanar tsakar gida ta yi ƙanƙanta, ruwa ya kai idon sawu, yana neman shiga ɗakin Zinariya. 'Yan matan Ramlatu sun sauko da tsintsiya da bokiti, kowa na kwarfa, amma ruwan ya fi ƙarfinsu. Manal ta ce a toshe bakin ƙofofin da buhu, a cire murfin magudanar gaba ɗaya, tana nan tafe da mai gyaran famfo. Ta ɗauki abin awonta, ta fita neman taksi a cikin ruwan.